Eric Lemming da mita 54 ɗinsa: amsa ga mai tambaya kan jifan mashi

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana mai tambaya, tun shekaranjiya na ga saƙonka, na dakata ko wani zai riga ni, da na ji shiru na ce bari in tsoma baki. Ka ce kana shirya wa ɗalibanka darasi kan jifan mashi, sai ka tarar wanda ya fara cin zinare a wannan wasa a gasar Olamfik mita 54 da 'yan kai kaɗai ya jefa, alhali yau mata ma suna zarce haka. Shi ne kake tambaya wane ne shi, kuma a kan me ake ta kambama shi.

Ni tsohon malamin wasanni ne, na ƙare ƙarfina a filayen makarantun sakandare, kuma a cikin wasannin jifa babu wanda na fi so kamar mashi. Ni kaina na jefa da ƙuruciya, kuma ba zan ɓoye maka ba, mashina bai taɓa sauka a mita 50 ba. Saboda haka da na ji ka ce "mita 54 kaɗai" sai da na yi dariya ni kaɗai. Ka ɗauki tef ka je fili ka auna mita 54, ka tsaya a wannan bakin ka hango wancan. Ya haura rabin tsawon filin ƙwallo.

Mutumin sunansa Eric Lemming, ɗan ƙasar Suwidin. An haife shi a birnin Gotenbag ranar 22 ga Fabrairun 1880. Dogo ne, wajen santimita 190, kuma a zamanin nan mai irin wannan tsawo ƙato ne na gaske. Lokacin da ya taso, jifan mashi don nisa bai daɗe da zama wasa ba. Girkawan dauri sun yi shi a cikin gasarsu ta wasanni biyar, suna naɗa wa mashin tsirkiyar fata su saƙala yatsu a ciki don ya tafi yana juyawa, amma wannan ya mutu tare da zamaninsa. A ƙarni na 19 ne aka farfaɗo da abin a Jamus da Suwidin, da fari ana auna wani abu ne a jefa, daga baya mutanen Suwidin da Finlan suka mayar da shi gasar wa ya fi nisa. Hatta gudun da ake yi kafin a saki mashi, da can babu shi, a tsaye ake jifa. Sai gab da ƙarshen ƙarnin aka fara yarda da 'yan taku. Ka ga ke nan yaron ya shigo wasan da ko dokokinsa ba su gama zama ba, balle a yi zancen wanda zai koya masa.

A 1899, yana ɗan shekara 19, ya jefa mita 49.32, nisan da ba a san wani ya taɓa kaiwa ba. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Shekara ɗaya bayan haka aka yi Olamfik a Faris. Ya je, amma babu jifan mashi a cikin jerin wasannin. Ga gwanin duniya a fili, ga shi ba a kasa hajarsa ba. Wani da sai ya zauna ya yi tagumi, shi kuwa sai ya faɗa duk abin da ya samu: tsallen sama, tsalle da doguwar sanda, dogon tsalle, jifan faifai, jifan guduma. A uku daga ciki, wato tsallen sama da tsallen sanda da guduma, na huɗu ya zo. Duk wanda ya taɓa raka yara gasa ya san babu matsayi mai ciwo kamar na huɗu, kana jin ƙamshin tuwo amma ba a zuba da kai ba. Shi sau uku ya sha wannan a tafiya guda. Filin ma ba filin kirki ba ne, a kan ciyawa aka yi wasannin a cikin dajin shaƙatawa na Bulon, har itatuwa suna tare wa masu jifa kayansu. Gasar 1904 kuma a Amurka aka yi, 'yan wasan nahiyar Turai kaɗan ne suka iya ƙetare teku, kuma can ma ba a sa mashi ba.

Sai a 1906 dama ta samu, a birnin Atens na Girka. Nan ne abin da nake so ka nuna wa ɗalibanka yake. Lemming ya jefa mita 53.90. Na biyu, Knut Lindberg, mita 45.17. Na uku Bruno Söderström, dukansu 'yan Suwidin. Tsakanin na ɗaya da na biyu akwai mita takwas da santimita 73. A gasar yau tazarar taku ɗaya ko biyu ke raba zinare da azurfa, wani lokaci ma tafin hannu. Idan yaro ya ba abokan karawarsa ratar kusan mita tara a filina, ba na cewa ya ci gasa, cewa nake yi ba ajinsu ɗaya ba. Kuma bai tsaya nan ba: ya samu tagulla a jifan dalma, ya samu tagulla a gasar wasanni biyar da aka kwaikwayo daga Girkawan dauri, wadda har da kokawa a cikinta, sannan ya samu wata tagullar tare da tawagar ƙasarsa a jan igiya. I, jan igiya dai da muke sa malamai da iyaye su yi ranar gasar gidaje don a yi nishaɗi, a lokacin wasan Olamfik ne da ake ba da lamba a kansa.

Wani abu da zai iya rikita ka: za ka ga wasu sun ce zinarensa uku, wasu sun ce huɗu. Duka biyun da gaskiyarsu. Gasar 1906 an shirya ta ne a tsakiyar zango, tsakanin ta 1904 da ta 1908, kuma kwamitin Olamfik na duniya ba ya lissafa ta a cikin gasanninsa na hukuma. Wanda ya bi lissafin kwamiti zai ce uku, wanda ya haɗa da Atens zai ce huɗu. In za ka rubuta a allo, rubuta uku, ka yi bayanin na huɗun da baki. A nawa ra'ayin an ɗan tauye 'yan wasan 1906, domin gasar Atens ta fi ta Faris da ta Amurka tsari nesa ba kusa ba, amma ba a tambaye ni ba.

To, mu zo kan mita 54 ɗinka. Landan ne, 1908, a filin White City. A nan aka fara sa jifan mashi a Olamfik na hukuma, kuma iri biyu aka yi. Ɗaya dole ka riƙe mashin a tsakiya, kamar yadda muke yi yau. Ɗayan kuma an bar kowa ya riƙe inda ya ga dama, domin akwai masu tokare gindin mashi da yatsa su tunkuɗa shi. Lemming ya cinye duka biyun: mita 54.83 a na riƙon tsakiya, inda Arne Halse na Norwe ya bi shi da 50.57, da mita 54.44 a na ganin dama, inda Bagirke Michalis Dorizas ya zo na biyu da 51.36. Ko a wanda aka ba shi zaɓi, tsakiyar ya riƙe. Daga wannan shekara ba a sake sa na ganin daman a Olamfik ba.

Wannan batu na riƙo na san shi a aikace. Duk yaron da ya taso a ƙauye ya yi wasan jifa da kara bayan an yi girbi, kuma yadda muke yi ke nan, a sa ɗan ali a gindin karan a wurga. Sabbin ɗalibai da yawa haka suke zuwa min, da na miƙa musu mashi sai hannu ya zarce gindi. Da kara abin yana tafiya, don ba shi da nauyi. Amma mashin maza giram 800 ne, tsawonsa mita 2.6 zuwa 2.7. In ka tura shi daga baya, kuskure kaɗan sai bakin ya kauce, ƙarfinka ya bi gefe, mashin ya tafi yana lilo kamar wutsiyar saniya. Riƙon tsakiya shi ke ba ka damar ja da hannu can baya, ka yi takun gicciye, ka kafe ƙafar gaba, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu ya zo a ƙarshe kamar bulala. Ni wani ne ya koya min wannan, shi ma wani ya koya masa, akwai littattafai da zane-zane. Su Lemming da jikinsu suka gano shi, a gwada a faɗi, a sake gwadawa.

Sai kuma shi kansa mashin. Na zamaninsu icce ne zalla, ba rami a ciki, an ƙera masa bakin ƙarfe. Akwai shekarar da mashinmu guda ɗaya tilo na alminiyam ya lanƙwashe a wata makaranta da na koyar, aka yi ta rubuta takarda a sayo wani, shiru. Da gasa ta matso na je wurin kafinta ya fere min sanduna, maƙeri ya yi musu baki, na naɗa igiya a tsakiya, muka daidaita nauyi gwargwadon iko a sikelin mai shago. Ranar da muka gwada na ƙara girmama mutanen da. Icce yana karkarwa a sama, kana jin kukansa, kuma duk karkarwar nan nisa take ci. Bayan damina guda sai ka ga sanda ta ɗan karkace, wata ta sha danshi ta yi nauyi, babu biyu da suke tafiya iri ɗaya. Yaran da na san iyakar jifansu sarai, kowa sai da ya ja baya da taku da yawa. Ba na cewa aikin kafintanmu ya kai na Turawan da suka ƙware a sana'ar, amma halin icce ɗaya ne ko'ina. Mashi mai rami a ciki, wanda iska ke ɗauka, sai a farkon shekarun 1950 ya fito, daga hannun wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Dick Held mai ƙerawa da Bud Held mai jifa, kuma Bud ɗin ne ya fara haura mita 80, a 1953.

Don kada a ce na yi son kai, akwai magana a ɗaya gefen. Mashin da ake jefawa yau ma an rage masa tafiya da gangan. Bayan Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80 a 1984, abin ya fara neman fin ƙarfin filayen, ga kuma yawan gardama kan mashin da ke faɗuwa a kwance. Sai a 1986 aka matsar da cibiyar nauyinsa gaba da santimita huɗu don ya riƙa saurin sunkuyar da kai. Duk da haka Jan Železný ya kai mita 98.48 a 1996, Arshad Nadeem na Pakistan kuma ya ci Olamfik ɗin Faris na 2024 da mita 92.97. Saboda haka ba kayan aiki kaɗai ba ne, 'yan yanzu sun fi iya jifa, wannan babu musu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki lambar 1908 a jera da ta 2024 kamar a fili ɗaya aka yi su rana ɗaya. Maganar mata kuwa, nasu mashin giram 600 ne, kuma ya fi gajarta. Ba raina su nake yi ba, Barbora Špotáková ta jefa mita 72.28 a 2008, nisan da ni ko a mafarki ban kai ba. Amma ba kaya ɗaya aka ɗauka ba. A zamanin Lemming ma ba a ba su damar ba sam, sai a 1932 aka sa jifan mashi na mata a Olamfik.

Labarin da na fi so shi ne na 1912, lokacin da Olamfik ya zo gida, birnin Sitokholm. Lemming yana da shekara 32, kuma samarin Finlan sun taso masa haiƙan, musamman Julius Saaristo, wanda Lemming ya girme wa da shekara goma sha ɗaya. Finlan a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha, ba ta samu 'yancin kai ba sai 1917, don haka duk nasarar da ɗansu ya samu a fili ta wuce wasa a wurinsu. A gaban mutanensa Lemming ya jefa mita 60.64, karo na farko da aka haura 60 a Olamfik. Saaristo ya zo na biyu da 58.66, Mór Kóczán na Hangari na uku da 55.50.

Yanzu ka jera ratar da ya bayar: kusan mita tara a 1906, mita huɗu da ɗan ɗori a 1908, ƙasa da mita biyu a 1912. Mai gaggawa zai ce tsufa ne ya kama shi. Ba haka ba ne, ai nasa jifan ƙaruwa yake yi. Na bayansa ne suke matsowa, don sun samu wanda za su kalla. Jifan da ya ba Kóczán tagulla a 1912 ya fi wanda ya ba Lemming zinare a Landan shekara huɗu kafin nan. Na ga irin wannan a ƙaramin mataki: duk shekarar da aka samu yaro ɗaya gwani a makaranta, 'yan ajin da ke bayansa sukan fito da kyau, ko ban ƙara komai a horon da nake ba su ba. Ido ne ke ɗauka.

A wannan gasa ta Sitokholm an yi wani nau'i da ba a sake yi ba, jifa da hannu biyu. Ba wai a kama mashi da hannaye biyu ba, a'a, ka jefa da dama, ka jefa da hagu, a haɗa mafi nisa na kowane hannu. Mutanen arewacin Turai suna da aƙidar cewa motsa jiki na gari shi ne wanda ya gina ɓangarorin jiki biyu daidai. A nan Lemming ya sha kashi, na huɗu ya zo, hagunsa wajen mita 40 ya tsaya. 'Yan Finlan uku suka kwashe lambobin: Saaristo, Väinö Siikaniemi da Urho Peltonen. Da suka ga su kaɗai suka rage a zagayen ƙarshe, sai suka yi shawara ba sai sun sake karawa ba, a bar sakamakon zagayen farko yadda yake, aka kuwa amince musu. Saaristo ya tashi da jimillar mita 109.42: hagu 48.42, dama 61.00. Ka lura, wannan na daman ya fi wanda Lemming ya ci zinare da shi kwanaki kaɗan kafin nan.

Na taɓa gwada wannan da 'yan ajin ƙarshe, don nishaɗi. Ranar an sha dariya har da riƙe ciki. Zaratan da ke cika baki, da aka ce su koma hagu sai ka ga ƙafa ta rikice, mashi ya faɗi nan gabansu kamar an yar da muciya. Wani bahago shiru-shiru da ba a lissafa shi shi ya cinye, don tun yana ƙarami ake tilasta masa cin abinci da rubutu da dama, hannayensa biyu duk sun horu. Tun daga ranar, in na tuna mutum ya jefa mita 48 da hannun da ba nasa ba, da mashin icce, sai in jinjina kai.

Wannan mita 61 ta Saaristo ba ta daɗe tana wa Lemming gizo ba. Ranar 29 ga Satumban 1912, a Sitokholm ɗin dai, ya jefa mita 62.32. A watan Yulin wannan shekara aka kafa hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a birnin, kuma da ta zo buɗe kundin bajinta, wannan jifa ta rubuta a matsayin na farko a mashi. Yanzu dawo da lambar da na ce ka riƙe. Daga 49.32 a 1899 zuwa 62.32 a 1912: mita goma sha uku cif, cikin shekara goma sha uku. Wannan lissafi kaɗai ya isa darasi guda a aji. Mashi wasa ne mai cin kafaɗa da gwiwar hannu, na ga yara masu baiwa da suka lalata hannu cikin shekara biyu saboda jifa da ƙarfin tsiya ba tare da ɗumama jiki ba. A ce mutum ya yi shekara goma sha uku a sahun gaba, kuma mafi kyawun jifansa ya zo a ƙarshe, wannan ba ƙarfin dantse kaɗai ba ne. Mutum ne da yake gyara salonsa kullum.

Bayan nan zamani ya juya. Yaƙin duniya na farko ya hana a yi Olamfik ɗin 1916. A hukumance bajintarsa ta tsaya har 1919, lokacin da Jonni Myyrä na Finlan ya jefa mita 66.10, kuma a Sitokholm ya yi, a gidan mai abin. A gasar 1920 'yan Finlan suka kame matsayi na ɗaya har zuwa na huɗu. Suwidin ta ɗan farfaɗo a 1928, da Erik Lundqvist ya ci zinare a Amsterdam, ya kuma zama na farko da ya haura mita 70. Lemming ya ga wannan da ransa. Ya rasu a garinsu Gotenbag ranar 5 ga Yunin 1930, yana da shekara 50. Wata biyu bayan rasuwarsa Matti Järvinen na Finlan ya fara karya tarihin duniya, abin da ya yi ta maimaitawa har sau goma.

In kana neman abin da zai ja hankalin yara, haɗa musu labarinsa da na Julius Yego na Kenya, wanda ya rasa ƙwararren mai horarwa a gida ya koma kallon bidiyon su Železný a YouTube, har ya zama zakaran duniya a Beijin a 2015 da mita 92.72. Yara suna son wannan labari, don suna ganin kansu a ciki. Sai ka tambaye su: shi Yego ya samu waɗanda zai kalla, to shi Lemming wa ya kalla? Ka bar su su yi ta muhawara.

Roƙona ɗaya, ɗana, in za ka fitar da su fili. Kowa ya tsaya a bayan mai jifa, ba a gefe ba. Kada wanda ya je ɗauko mashi sai ka ba da izini, kuma a je da tafiya, ba da gudu ba, domin gindin mashin da ke kafe a ƙasa yana daidai fuskar yaro, shi ma tsini gare shi. In an ciro, a ɗauko shi a tsaye, baki ƙasa. Kafin a fara, ka sa su auna mita 54.83 da tef su kafa tuta a wurin, su auna 62.32 su kafa wata, sannan kowa ya jefa nasa. In ka yi, ka dawo ka gaya mana inda na gwaninku ya sauka.